Asusun Gora: Naira Ashirin Ma Kuɗi Ce



Tun bayan hutun rabin zango akwai gurbi ɗaya a bencin baya na ajinmu. Mai zama a wurin daga wani ƙauye yake zuwa a ƙasa, ta hanyar Kabo. Da muka je duba shi ranar Asabar, mun tarar lafiyarsa ƙalau. Wandonsa na makaranta ne ya yage har ba ya ɗinkuwa, takalminsa ya tsinke, mahaifinsa kuma ya ce sai an sayar da amfanin gona. Kunya ce ta zaunar da shi a gida. Mu sittin ne a aji, amma babu wanda ya yi komai, domin kowa yana ganin taimako aikin masu kuɗi ne.

Muna ganin wannan tunani kuskure ne, kuma wani labari da malamin da ke kula da ƙungiyarmu ta 'yan jarida ya ba mu shi ya nuna mana haka.

A tsibirin Taiwan, kusa da ƙasar Sin, akwai wata ƙungiya ta malaman addinin Buda masu gudun duniya, sunanta Fo Guang Shan. Wani malami mai suna Hsing Yun ne ya kafa ta a 1967, ya rasu a 2023. Mazansu da matansu suna aske kai, ba sa aure, ba sa cin nama. Amma ba su kulle kansu a ɗakin ibada ba. Suna da motocin asibiti da motocin littattafai masu shiga ƙauyuka, suna da jami'o'i a Taiwan da Amurka, suna da babbar cibiya kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu. Da za su gina jami'o'insu, sai suka nemi mutum miliyan ɗaya kowa ya riƙa ba da dalar Taiwan 100 duk wata, kuɗin da ɗan kasuwa da ɗan ƙwadago duk za su iya.

Akwai kuma ƙungiyar Tzu Chi, wadda wata malamar addinin mai suna Cheng Yen ta kafa a 1966. Da matan aure 30 ta fara. Ta ba kowacce asusu na gora, ta ce kullum kafin ta tafi kasuwa ta jefa rabin dala daga kuɗin cefane. Ta fi son a jefa kullum a kan a tara a kawo ƙarshen wata, don kada rana ta wuce mutum bai tuna da mabuƙaci ba. A 1986 ƙungiyar ta buɗe asibitinta a garin Hualien, yau kuma tana kai agaji ƙasashe da yawa. Da yayyafi kogi kan cika.

Da muka karanta wannan a taron ƙungiya, wani ya ce ai waɗannan ba addininmu ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bi addininsu ba. Abin da ya ba mu kunya shi ne babu baƙon abu a cikin abin da suka yi. A Islamiyya an koya mana sadaka da wakafi. Iyayenmu mata suna adashi, iyayenmu maza suna aikin gayya, mu kanmu muna fasa asusu da salla. Bambancin kawai su sun tsara abin, sun ɗore a kai, mu kuwa muna jiran ɗan siyasa ya zo rabon littattafai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga shawararmu. Kowane aji ya sami akwatin asusu. Idan mu sittin muka jefa naira 20 kullum, naira 1,200 ke nan a rana, 6,000 a mako, 72,000 a makonni 12. Wando nawa da takalmi nawa ke nan?

Mun san akwai masu zuwa makaranta ba ko sisin kuɗin tara. Don haka babu tilas, kuma kada a rubuta sunan wanda ya jefa ko wanda bai jefa ba. Mun kuma san maganar kuɗi tana ɓata zumunci. A sa wa akwatin kwaɗo biyu, mukulli ɗaya wurin monita, ɗaya wurin malamin aji. A ƙirga ranar Juma'a a gaban kowa, a rubuta jimla a allo. Wanda aka taimaka wa kuwa a rufa masa asiri, malamin aji ya kai wa tela kuɗin da kansa.

Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu izini mu fara ranar Litinin. Jarrabawa ta kusa, kuma muna son ɗan ajinmu ya rubuta ta tare da mu.

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, Gwarzo.