Sunan da ke bisa kwalba

Masu binciken likita suna da wani irin kiwo: sukan ɗebo ƙwayoyin halitta daga jikin mutum, su zuba su cikin kwalba da abincinsu, su yi ta hayayyafa shekara da shekaru. Da su ake gwajin magani da rigakafi. Kowace kwalba da sunanta, wannan hanta, waccan hanji. Amma ƙarƙashin madubin bincike kusan duk kamarsu ɗaya, kuma ɗigo guda da ya maƙale a bakin tsinken awo ya isa ya kai baƙuwa cikin garken da ba nata ba.

Baƙuwar da ta fi ɓarna ita ce HeLa, ƙwayoyin sankarar mahaifa da aka ɗebo a 1951 a asibitin Johns Hopkins na Amurka daga jikin Henrietta Lacks, wata baƙar fata da ta rasu a wannan shekara. Suna da saurin hayayyafa ƙwarai. In suka shiga kwalba, sai su cinye masu gida, sunan kawai ya rage.

A 1966 Stanley Gartler ya tona asiri. Ya auna wani sinadari da ake kira G6PD, ya tarar jinsuna 18 duk suna ɗauke da nau'in A, wanda kusan sai ƴan asalin Afirka ke da shi, alhali an ce yawancinsu daga Turawa suka fito. Har da wanda wani masani Bature ya raina daga mahaifar ɗiyarsa! Maganar ba ta yi wa manya daɗi ba. Walter Nelson-Rees, wanda daga 1974 ya riƙa buga jerin gurɓatattun jinsuna da sunayensu, baƙin jini ya samu, ya bar aikin a 1981.

Yau hanyar tantancewa ta yi sauƙi. Ana karanta wasu gurabe na DNA da ke maimaituwa, waɗanda suka bambanta daga mutum zuwa mutum kamar zanen yatsa, a gwada da rajista. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, don haka mai ƙin yi ba shi da hanzari. Kwamitin ICLAC, da aka kafa a 2012, ya lissafa jinsuna sama da 500 masu sunan ƙarya. Cikinsu akwai MDA-MB-435, da aka daɗe ana nazari a matsayin sankarar nono, alhali ta fata ce. Wani bincike na 2017 ya ƙirga kasidun kimiyya sama da 32,000 da aka gina bisa irin waɗannan kwalabe.