SHARHI: Me Ya Raba Masu Himma Da Mu?

'Yan uwa matasa, duk lokacin da aka ambaci wani gwarzo a fagen ilimi, abin da muke saurin faɗa shi ne, "Ai su baiwa Allah Ya yi musu." Gaskiya ne akwai baiwa, amma sau da yawa da wannan magana muke lulluɓe lalacinmu. Mu duba rayuwar mutum ɗaya kawai, Imam Bukhari.

An haife shi a Bukhara, ƙasar Uzbekistan ta yau, a shekara ta 194 bayan Hijira (810 Miladiyya). Maraya ya tashi a hannun mahaifiyarsa. Yana da shekara 16 suka tafi Hajji, 'yan uwansa suka koma gida, shi ya zauna neman ilimi. Daga Hijaz ya bi Basra, Kufa, Bagadaza, Sham da Masar.

Abu na farko, ya san abin da ya sa gaba. Malaminsa Ishaƙ bn Rahawaihi ya yi fatan a sami wanda zai tattara ingantattun hadisai kaɗai a littafi guda. Mutane da yawa sun ji maganar, Bukhari ne ya ɗauke ta.

Na biyu, haƙuri. Shekara 16 ya yi a kan littafin, yana tace hadisai kusan 600,000, ya fitar da ɗan sama da 7,000 har da maimaici. An ruwaito cewa a dare ɗaya yakan tashi sau goma sha biyar ko fiye, ya kunna fitila ya rubuta abin da ya faɗo masa.

Na uku, bai yi don suna ko kusantar masu mulki ba. Da Gwamnan Bukhara, Khalid bn Ahmad, ya nemi ya riƙa zuwa gidansa yana karantarwa, sai ya ƙi, ya ce mai son ilimi ya zo inda ake bayar da shi. A kan haka aka kore shi daga garinsu, ya rasu a ƙauyen Khartank kusa da Samarƙand a shekara ta 256 (870).

To mu fa? Yaro ya fara littafi yau, kafin wata uku ya ajiye ya ɗauki wani. Ɗalibi na son takardar shaida, amma da satar amsa. Wani bai sauke Ahalari ba, yana jin haushi don ba a kira shi Malam ba. Ɗan koyon kanikanci ya gudu daga gareji don maigida ya yi masa faɗa. Ta yaya al'umma za ta samu likitoci, malamai da injiniyoyi a haka?

Shawararmu ita ce, kowa ya zauna a daren yau ya tambayi kansa: mene ne abu ɗaya da na sa gaba, kuma don wa nake yin sa? In ya samu amsa, ya ware masa lokaci kullum, ko da awa ɗaya ce bayan Asuba, ya riƙe shi shekaru. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ɗaukaka himmarmu, Ya tsarkake niyyarmu. Amin.