Sharhi: Fina-finan Yaƙi da Amanar Tarihi, Darasi Daga Kampung Baru

A tsakiyar birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya, dab da tagwayen benayen nan na kamfanin mai na Petronas, akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Kampung Baru. Turawan mulkin mallaka na Birtaniya ne suka keɓe ta ga 'yan ƙabilar Malay a wajen shekarar 1900 domin su zauna su yi noma, kuma har yau ana samun gidajen katako irin na da a cikinta. A wannan unguwa ce, a bakin gidan babban ministan jihar Selangor na wancan zamani, Harun Idris, wutar rikicin ƙabilanci mafi muni a tarihin ƙasar ta tashi da yammacin ranar 13 ga watan Mayun 1969. Bayan shekara 44, wannan gida ya sake jawo ka-ce-na-ce, a wannan karon saboda wani fim. Muhawarar da ta biyo baya ta shafi duk wata al'umma da ta taɓa ganin zubar da jini, ta kuma wayi gari masu shirya fina-finai ne ke ba 'ya'yanta labarin abin da ya faru.

Asalin al'amarin shi ne babban zaɓen da aka yi ranar 10 ga Mayun 1969. Ƙawancen jam'iyyun da ke mulki ƙarƙashin firayim minista Tunku Abdul Rahman ya ci zaɓen, amma ya yi asarar kujeru masu yawa. A majalisar jihar Selangor kuwa, kujeru 14 kawai ya samu daga cikin 28. Magoya bayan jam'iyyun adawa na DAP da Gerakan, waɗanda akasarinsu 'yan asalin ƙasar Sin ne, suka yi jerin gwanon murna a ranakun 11 da 12 ga wata, inda aka yi ta jifar 'yan Malay da baƙaƙen maganganu. Matasan jam'iyyar UMNO suka shirya nasu jerin gwanon na mai da martani, suka taru a gidan Harun Idris, wasunsu ɗauke da makamai. Kafin gari ya waye an kashe mutane, an ƙona gidaje da kantuna da motoci. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 196 suka mutu, 143 daga cikinsu 'yan asalin Sin, amma jami'an jakadancin ƙasashen yamma da ke birnin sun ƙiyasta adadin da ya kusa 600. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka dakatar da majalisar dokoki har zuwa watan Fabrairun 1971, mulki ya koma hannun wata majalisar gudanarwa ƙarƙashin mataimakin firayim minista Tun Abdul Razak, wanda ya gaji Tunku a 1970.

Fim ɗin da ya ta da ƙura sunansa Tanda Putera, wata fitacciyar mai ba da umarni, Shuhaimi Baba, ce ta shirya shi, da tallafin kuɗi daga hukumomin gwamnati, ciki har da hukumar bunƙasa fina-finai ta ƙasa, FINAS. Jigonsa shi ne abotar da ke tsakanin Tun Razak da mataimakinsa Tun Dakta Ismail, da yadda suka riƙe ƙasa bayan rikicin alhali kowannensu na ɓoye ciwon da ke cin sa. Dakta Ismail ya rasu a 1973, Tun Razak kuma a 1976. To, amma abin da jama'a suka riƙe daga fim ɗin wani ɗan gajeren sashe ne da aka nuna wani matashi ɗan asalin Sin yana fitsari a gindin sandar tuta a harabar gidan babban ministan, kamar dai wannan cin fuska ne ya harzuƙa jama'a. Tun kafin fim ɗin ya fito, an liƙa hoton ɗan adawar nan Lim Kit Siang a shafin tallar fim ɗin na Facebook tare da alaƙanta shi da wannan aika-aika. Lim ya musanta, ya ce a ranar yana can Kota Kinabalu ta jihar Sabah, a tsallaken teku. Daga baya aka cire rubutun, masu fim ɗin kuma suka ce ba a nuna shi a ciki ba.

An ɗage fitar da fim ɗin har sai bayan babban zaɓen watan Mayun 2013, ko da yake an nuna shi a wasu tarurruka na musamman kafin zaɓen, a lokacin da ɗan Tun Razak ɗin, wato Najib Razak, yake firayim minista. Da ya shiga gidajen silima a ƙarshen watan Agustan shekarar, gwamnatin jihar Penang da ke hannun 'yan adawa ta nemi kada a nuna shi a jiharta. Masu kare fim ɗin suka ce wasan kwaikwayo ne, kada a ɗauke shi littafin tarihi. Masu suka kuma suka ce duk fim ɗin da ya ambaci sunayen shugabanni na gaskiya, da rana da wuri na gaskiya, aka kuma yi shi da kuɗin jama'a, ba zai fake da sunan wasa ba a daidai wurin da ya ɗora laifin jini a kan wata ƙabila.

Abin lura a nan shi ne, ita kanta Malesiya ta taɓa ɗanɗana ɗacin irin wannan aiki daga hannun wasu. A ranakun 3 da 4 ga Oktoban 1993, mayaƙan Janar Muhammad Farah Aidid suka harbo jiragen saman Amurka masu saukar ungulu guda biyu a Mogadishu, suka yi wa sojojin Amurka ƙawanya. Amurkawa 18 suka mutu, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa. Ayarin da ya kutsa cikin dare ya fito da waɗanda aka ritsa da su ya dogara ne da motocin sulke na sojojin Malesiya da tankokin yaƙin Pakistan da ke aiki ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani sojan Malesiya, Mat Aznan Awang, ya rasa ransa a daren, wasu kuma suka jikkata. Da Ridley Scott ya fito da fim ɗinsa Black Hawk Down a 2001, sai aka ga rawar da Malesiya ta taka ta kusa ɓacewa. Kwamandan rundunar ƙasar a Somaliya a wancan lokaci, Abdul Latif Ahmad, ya koka cewa an mai da sojojinsa tamkar direbobin bas da aka aika ɗauko fasinja. Sai a 2023 ƙasar ta ba da nata labarin a wani fim mai suna Malbatt: Misi Bakara. Ƙorafin Malesiya kan Hollywood gaskiya ne, kuma yana kan hanya. Sai dai Hausawa kan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ma'aunin da aka auna fim ɗin Amurka da shi, shi ne ya kamata a auna na gida da shi.

Masu shirya fina-finai suna da hujja, kuma wajibi ne a saurare ta. Ba mai iya zuba yaƙin shekara uku cikin sa'a biyu ba tare da ya taƙaita ba. Dole a haɗe mutum biyar su zama ɗaya, a ƙirƙiro hirar da babu wanda ya ji ta, a tsallake watanni. Babu wanda zai cutu don an sa wa soja maɓallin rigar da ba na zamaninsa ba, ko da yake masu bin diddigin irin waɗannan abubuwa kan cika shafukan intanet da gardama a kansu. Ƙirƙirar da ke da haɗari iri biyu ce. Ta farko ita ce a ɗauke aikin wasu a ba wasu, kamar yadda fim ɗin U-571 na shekarar 2000 ya nuna sojojin ruwan Amurka suna ƙwace na'urar sirrin Jamus ta Enigma, alhali sojojin ruwan Birtaniya ne suka yi wannan a watan Mayun 1941, kafin ma Amurka ta shiga yaƙin. Har firayim minista Tony Blair sai da ya yi tir da fim ɗin a majalisa. Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce a nuna abin da ba a tabbatar ba a matsayin dalilin da ya sa aka kashe mutane. Irin wannan ƙirƙira kan sauya matsayin wanda aka kashe ya koma wanda ya jawo wa kansa, kuma jikokin ɓangarorin biyu na zaune gida da gida har gobe.

Nauyin ya fi yawa a inda hukuma ta rufe bakin tarihi. A Malesiya, bayanin da gwamnati ta dogara da shi shi ne rahoton da majalisar gudanarwa ta fitar a watan Oktoban 1969. Ba a kafa wani kwamitin bincike mai zaman kansa ba, kuma gyaran tsarin mulki na 1971 ya haramta tayar da wasu batutuwan da suka shafi matsayin ƙabilu, ko da a zauren majalisa ne. Da wani masani, Kua Kia Soong, ya so yin rubutu kan rikicin, sai da ya je ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya a Landan. Littafin da ya wallafa a 2007 ya yi zargin cewa wasu 'yan siyasa sun yi amfani da rikicin domin kawar da Tunku, zargin da wasu masana suka ƙi yarda da shi. A irin wannan yanayi, matashin da aka haifa bayan 1969 ba shi da abin da zai gwada fim da shi. Abin da ya gani a allo shi zai riƙe, domin gani ya kori ji. Kazalika almakashin hukumar tace fina-finai bai faɗa kan kowa daidai ba. A 2006 an haramta wani fim na Amir Muhammad kan jagoran 'yan kwaminis Chin Peng. Fim ɗin Snow in Midsummer na Chong Keat Aun, wanda ya kalli 13 ga Mayu ta idon iyalin da suka rasa nasu, an nuna shi a bikin fina-finai na Venice a 2023, amma bai shiga gidajen silima na gida ba sai a 2024, bayan an taɓa wasu sassansa.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba zai ji wannan labari baƙo ba. A shekarar 2014 hukumar tace fina-finai ta Nijeriya ta jinkirta fitar da fim ɗin Half of a Yellow Sun, wanda Biyi Bandele ya shirya kan kashe-kashen 1966 da yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, daga watan Afrilu har zuwa Agusta, saboda fargabar abin da wasu sassansa za su iya tayarwa. Wannan kuwa ya zo ne bayan an riga an cire tarihi daga jerin darussa masu zaman kansu a makarantun firamare da ƙananan sakandare, matakin da sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin warware shi. A 2003 kuma fim ɗin Tears of the Sun ya ƙirƙiro wani juyin mulki a Nijeriya da bai taɓa faruwa ba, ya nuna 'yan Arewa a matsayin mahauta, sojojin Amurka kuma masu ceto. A ɗaya ɓangaren, dubban 'yan Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da suka yaƙi Japan a dazuzzukan Bama, waɗanda da Hausa ake ba da yawansu umarni, da wuya a ga fuskarsu a manyan fina-finan Yaƙin Duniya na Biyu. Sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya da Myohaung a Legas su ne suka rage suna tuna wa jama'a da su.

Haramta fim ba ya magance wannan matsala. Sau da yawa talla yake yi masa, kuma a zamanin wayar hannu babu iyakar ƙasa da za ta tare shi. Matakin farko yana wuyan gwamnatoci: su buɗe takardun da suka shekara hamsin a kulle, su bar masana su yi bincike su yi gardama a fili, a kuma naɗi bayanan tsofaffin da suka shaida abin kafin ƙasa ta rufe musu ido. Na biyu yana wuyan masu fim. Duk wanda ya rubuta a farkon fim ɗinsa cewa labarin gaskiya ne ya ɗauki amana, don haka ya fito fili ya faɗi inda ya ƙara gishiri, musamman idan abin ya shafi wanda ya fara da wanda aka kashe. Idan kuma da kuɗin baitulmali aka yi aikin, to haƙƙin kowace ƙabila da ke biyan haraji ne a ji ta bakinta. Fim na iya gyara zalunci idan ya tsaya kan gaskiya. A 2006, fim ɗin Indigènes kan sojojin Arewacin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi ya taimaka wajen sa gwamnatin shugaba Jacques Chirac ta ɗaga kuɗin da ake biyan tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka.

Yau Kampung Baru ta fi shahara da kasuwar abincinta ta watan azumi da kuma muhawarar ko za a rushe tsofaffin gidajenta a gina benaye. Waɗanda suka ga daren 13 ga Mayu da idonsu sai raguwa suke yi, kamar yadda waɗanda suka ga 1966 a Nijeriya ke raguwa. Idan suka ƙare, takardu da fina-finai ne za su yi magana a madadinsu. Ƙasar da ta kulle takardunta ta bar wa masu fim kaɗai ke nan su yanke wa matattu hukunci.