Shayin atemisiya da maganin zazzaɓin da muke neman rasawa

Duk damina, in na kira sunaye a aji da safe, sai na tarar da gurbi uku ko huɗu. "Malam, zazzaɓi yake yi." Bana wata uwa ta zo ta ce kada in damu, ai tana dafa wa yaron shayin atemisiya, kuma an gaya mata da shi ake yin ƙwayar da ake sayarwa a kantin magani. Gaskiya aka gaya mata, amma rabi.

Ganyen nan, Artemisia annua, ɗan ƙasar Sin ne, can suna ce masa qinghao. Yana da ƙamshi da ɗaci, yana fid da ƙananan furanni ruwan ɗorawa, kuma dangin tazargaden da muka sani ne. Tun ƙarni na 4 wani masani mai suna Ge Hong ya rubuta cewa a jiƙa shi a ruwa, a matse, a sha don zazzaɓi. A 1967, ana tsakiyar yaƙin Vietnam, Sin ta kafa wani shiri na sirri mai lamba 523 domin neman maganin maleriya. A nan ne Tu Youyou ta koma kan wancan tsohon rubutu, ta lura bai ce a tafasa ba. Ita da abokan aikinta suka tace ganyen ba da zafi mai yawa ba, har suka ware sinadarin atemisinin a 1972. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

To, ga inda gizo ke saƙar. Atemisinin yana kashe ƙwayar cutar da sauri, amma cikin 'yan awoyi ya bar jiki. Shi ya sa ake haɗa shi da wani magani mai daɗewa a jini, kamar yadda aka yi a Coartem, a sha kwana 3 cur. Shayi kuwa ba wanda ya san awonsa. Ya danganta da ƙasar da aka shuka, da lokacin yanka, da yadda aka shanya, kuma sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa. Zazzaɓi zai lafa, uwa ta ce alhamdu lillahi, alhali ragowar ƙwayoyin suna nan, waɗanda suka fi taurin kai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen haka nan. Shekara guda bayan haka Shugaba Andry Rajoelina na Madagaska ya tallata ruwansa a matsayin maganin korona, kasuwar ganyen ta ƙara buɗewa.

Ba hasashe nake ba. Ƙwayar da ta fara bijire wa atemisinin ta ɓulla a Kambodiya, yanzu an tabbatar da ita a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Dattawanmu sun tuna nibakin, yadda ya yi tashe sannan ya daina aiki. Shi ma daga gabashin Afirka matsalarsa ta gangaro mana. A 2023 maleriya ta kashe mutum kusan 600,000, mafi yawansu yaran Afirka.

Ni dai ban ga laifin uwar nan ba. Ganye a bayan ɗaki kyauta ne, gwaji da ƙwaya kuwa kuɗi ne, ga jabu a kasuwa. Nan Kamaru an fara yi wa jarirai rigakafin maleriya a Janairun 2024, kuma doka ta ce a yi wa 'yan ƙasa da shekara 5 magani kyauta. Ɗalibaina duk sun wuce biyar. Kuma mu da ke shan ƙwaya kwana ɗaya, mu ajiye sauran "saboda gaba", ɓarnarmu ba ta gaza ta mai shayi ba.

Yaron ya dawo aji ranar Litinin. Ranar Alhamis ya sake kifa kai a kan tebur, jiki zau, sai da muka ɗauke shi a babur zuwa asibiti.