Tsiron Da Ke Tsotse Guba Daga Ƙasa: Kada Magani Ya Ƙare A Tukunyarmu

Jama'a, akwai wata dabara da masana aikin gona ke ta yayatawa, wadda ya kamata mu 'yan kasuwar Adarbisanat mu san kanta tun kafin wani ya zo mana da ita cikin mota mai tambarin ƙungiya. Dabarar ita ce a shuka wasu tsirrai a kan ƙasar da gubar ƙarfe ta ɓata, su tsotse gubar ta saiwarsu, a yanke su a kawar, a sake shukawa, har ƙasar ta warke. Magana ce ta gaskiya, kuma tana da araha. Amma mu da muke zaune a garin makiyaya, inda ba a barin koren ganye ya kwana, muna da tambaya guda: in an yanke tsiron, ina za a kai shi?

Bari mu fara da ita gubar. Darma, wadda ke cikin tsohon batirin mota, da zaiba, wato farin ruwan ƙarfen nan da masu wankin zinariya ke kama zinariya da shi, da wasu irin su kadmiyom da kuromiyom da asanik, duk ba sa ruɓewa. Kashin dabba da ɓawon albasa ƙasa na cinye su cikin damina ɗaya ko biyu, amma darmar da ta zuba a tsakar gida tana nan har jikoki su zo su tarar da ita. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma yaro ƙarami da ke rarrafe yana kai hannu baki shi ne ta fi kamawa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta dakushe basira, in ta yi yawa ta kawo farfaɗiya da mutuwa.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda ba mu da masana'anta. To, garinmu yana bakin hanyar Agadas zuwa Damagaram ne, kuma tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 ba mu daina ganin samarinmu suna tafiya arewa suna dawowa ba. Ana kwaso dutsen a buhuna a kai inda ake da ruwa da injin niƙa, a niƙa, a wanke, a gauraya da zaiba, a ƙona. Abin da ya saura tarin ƙasa ne da ake zubarwa, iska ta kwashe ta ta watsa. Can Arlit kuwa, kamfanin haƙar yuraniyom na COMINAK ya rufe a ranar 31 ga Maris, 2021, ya bar tarin dusar ma'adini da ya kai kimanin tan miliyan 20. Ga kuma batiran mota da na sola da ake fasawa a bayan kasuwanni don a ciro darmar a sayar. Ashe kuwa muna da ruwa da tsaki a maganar.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dalili shi ne dutsen zinariyar yankin cike yake da darma, kuma a cikin gidaje ake daka shi, mata na daka a turmi yara na wasa a gefe. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wuraren da aka auna, sama da kashi 10 cikin 100 na ƙasar darma ce. A 2015 aka sake irin wannan a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Abin lura a nan shi ne, ba da shuka aka ceci waɗancan ƙauyuka ba. Kankare saman ƙasar aka yi gida-gida, aka kai ta rami aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa, sannan likitoci suka fara ba yara maganin da ke fitar da darma daga jini, domin ba amfanin a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka share ta bayan doguwar jiran kuɗi daga gwamnati. Don haka duk wanda ya ce mana a shuka ciyawa a gidan da yara ke kwana a kan guba a jira ta yi aiki, bai faɗa mana gaskiya ba. Darma ba ta cika hawa cikin ganye ba, a saiwa take maƙalewa, kuma aikin tsotsar na iya cin shekaru masu yawa.

Wannan ba ya nufin dabarar banza ce. Masana sun lissafa tsirrai sama da 700 da ke tara ƙarfe a jikinsu fiye da kima, mafi yawansu ƙarfen nikel suke sha. A 2001 masu bincike a jami'ar Fulorida ta Amurka suka bayyana wani tsiro wanda ke zuƙe asanik ya tara a ganyensa. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil a 1986, an ɗora furen nan mai bin rana a kan wani tafki da ya gurɓata, saiwarsa ta janye guba daga ruwan. Sai dai da Japan ta gwada furen a busasshiyar gona bayan haɗarin Fukushima na 2011, abin da ya tsotsa bai taka kara ya karya ba, suka koma kankare saman ƙasa. Kowane tsiro da gubar da yake sha, da irin ƙasar da yake so.

Yanzu mu dawo kasuwa. Hanyar da tsiro ke bi ya tsabtace ƙasa, ita ce dai hanyar da guba ke bi ta shiga miya. Alayyafo da salak da rama suna cikin ganyayen da ke saurin ɗaukar ƙarfe daga ƙasa da ruwa. A Kano, inda masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ke aiki da kuromiyom, masu bincike daga Jami'ar Bayero sun sha auna kayan lambun da ake shayarwa da ruwan da ya gangaro daga irin waɗannan wurare, suna samun ƙarfe a cikinsu. Ganyen yana fitowa kore shar, mai saye ba ya ganin komai, mai sayarwa ma ba ta sani ba. Wankewa na fitar da ƙurar da ke bisa ganye, amma ba ta fitar da abin da ya shiga cikin jijiyarsa.

To ku duba halin da muke ciki. Daminarmu wata biyu ce zuwa uku. Da rani, buhun ciyawa kuɗi ne, harawa kuwa sai mai hali. Idan aka shuka fili guda na rama ko wata ciyawa a kan juji mai guba ba shinge ba mai gadi, kafin sati awaki da raƙuma sun gama da shi, abin da ya rage yara su yanka su kawo kasuwa. Daga nan gubar ta bar ƙasa ta koma hanta da ƙodar dabba, wani kaso ya bi nono, mu kuma mu sayar da nonon da cukun da naman da hannunmu, mu ci saura da iyalinmu. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ra'ayinmu shi ne, a ƙasa irin tamu, babban amfanin tsiro shi ne ya danne guba a inda take. Saiwa ta riƙe ƙasa, ganye ya kare iska, ƙurar ta daina tashi zuwa rijiya da rumfunan kasuwa. Kuma a zaɓi abin da ba a ci. Tumfafiya ga ta nan ko'ina, ba ta neman ban ruwa, dabba ba ta cika kula ta ba sai yunwa ta yi tsanani, kuma masu bincike a ƙasashe masu zafi sun gwada ta a gurɓatattun wurare. Inda akwai danshi, jema na da saiwa mai zurfi da ke kama ƙasa, an kuma yi amfani da 'yar'uwarta a jujin ma'adinai a ƙasashe da dama. Amma a kiyaye: saiwar jemar da ta fito a irin wannan wuri ba ta shiga randa don ƙamshi, domin a nan ƙarfen ke taruwa. Haka in an ƙona abin da aka yanke, darma ba ta ƙonewa, a toka take zama. Wannan toka ba ta miya ba ce, ba ta sabulu ba ce, ba ta takin lambu ba ce. Rami mai zurfi nesa da rijiya shi ne wurinta.

Muna kira ga hukumomin garinmu, da sarakunanmu, da su ware wuri guda bayan gari don niƙan dutse da fasa batir, nesa da rijiyoyi da lambuna da mashayar dabbobi, a kewaye shi, a hana yin wannan aiki a cikin gidaje. Nijar da Nijeriya duk sun shiga yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, saboda haka ba sabon abu muke roƙo ba. Muna kuma kira ga Jami'ar Agadas da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da cibiyar binciken noma ta INRAN da su zo su auna ƙasarmu da ruwanmu, su gwada tsirranmu na gida a ƙaramin fili mai shinge, su faɗa mana sakamakon da Hausa da Tamajak da Fulatanci, ta rediyo da ranar kasuwa. Ba a fara magani sai an san ciwo.

Mu ma da namu aikin. Uwargida mai sayar da ganye, ki tambayi mai kawo miki kaya inda lambun yake da ruwan da ake ba shi. Wannan ba zargin manoman Ayar ba ne, waɗanda albasarsu da tafarnuwarsu ke ciyar da mu, kare sunan kayansu ne da namu. Mai sayar da ciyawa, kada ka yanko daga juji ko inda aka wanke dutse. Mai sayen zinariya, kada ka ƙona zaiba a cikin shago ko kusa da masu abinci, hayaƙin nan shi ne mafi muni. Buhun da ya ɗauko dutse kada ya koma ɗaukar gero, turmin da ya daka dutse kada ya koma dakan hatsi. Wanda ya dawo daga wurin haƙa ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro. Shugabannin kasuwa, maza da mata, su sa wannan cikin dokokin da suke tsawatarwa a kai, kamar yadda suke yi wa mai tauye mudu.

Duk ƙungiyar da ta zo da shirin shuka don tsabtace ƙasa, mu karɓe ta hannu biyu, amma mu zaunar da ita mu tambaya: wace guba ce, wane tsiro ne, shekara nawa, wa zai yi gadi, kuma ina za a binne abin da aka yanke? In ta amsa, mu ba ta fili da 'ya'yanmu su yi aikin. In ba ta da amsar ta ƙarshe, ta dakata tukuna.

Allah Ya kare mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.