Kira Ga Gwamnatin Katsina: A Ware Wa Masu Sana'a Fili A Batsari Da Safana

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, da shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da iyayenmu Sarkin Ruman Katsina Hakimin Batsari da Yariman Katsina Hakimin Safana, Allah Ya ƙara muku lafiya.

Ranka ya daɗe, kukan da na kawo yau ba na tsaro ba ne, ko da yake rashin tsaron ne ya haife shi. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna fitowa daga dajin Rugu sun kwashe mutanen ƙauyuka sun zube su a cikin garin Batsari da na Safana. Wanda ya zo da niyyar kwana bakwai ya shekara bakwai, har ya aurar da 'ya a nan. Gonakin bakin gari da muka taso muna tonon rogo a cikinsu, yanzu dillalai sun kakkafa musu duwatsu suna sayarwa fuloti-fuloti. Mutum kuwa da sana'arsa yake gudun hijira. Mai walda ya kafa rumfa a ƙofar makarantar allo, mai buga bulo ya tare rabin lungu da yashi, mai gidan burodi ya gina tanda inda hayaƙinta ke shiga tsakar gidan maƙwabci. Kowa inda ya samu ya tsuguna.

A layinmu akwai babban injin niƙa da aka jingina da katangar ɗakin mahaifiyata. Da an sallame asuba yara za su jera robobin dawa da gero, mai injin kuma ya kama hannun injin ya murɗa. Daga nan sai kwanukan jeren Inna su hau rawa a kan kanta, haka za su wuni har magariba. Katangar ta tsage tun daga gindi, damina biyu muna cusa mata laka. Ran nan na fita da niyyar yi masa tas. Na same shi gari ya rufe shi har gira, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, nuna mini inda zan kai shi, gobe in ɗauke." Na koma gida baki alaikum, don ba ni da wurin da zan nuna masa. Ku ne kuke da shi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon bayar da fili a wuraren da ba a ayyana birni ba.

Abin da muke roƙo shi ne a auna fili a kowane ɗaya daga garuruwan nan biyu, a yi masa takarda, a ce nan ne unguwar masana'antu, tun gonakin da suka dace ba su zama gidaje ba. Kano ta yi haka da Bompai da Sharaɗa da Challawa, shi ya sa mai kuɗin da ya so kafa kamfani ya san inda zai dosa. Amma a ɗauki darasin Kano gaba ɗayansa. Bompai a gefen gari take lokacin da aka tsara ta, yau gidaje sun yi mata zobe. Challawa kuma, duk wanda ya bi ta wajen kamfanonin jima ya san abin da ruwansu ya yi wa kogin Challawa. Saboda haka idan an ware filin, a bar tazara tsakaninsa da gidaje, a dasa mata itatuwa, a hana kowa yanka ta, a kuma fara haƙa magudanar ruwa kafin a dasa inji ko ɗaya.

Maganar magudana ba ƙawa ba ce a wurinmu, saboda rogo. Batsari ƙasar rogo ce, amma ɗanye ake lodinsa a fita da shi, mu kuma mu sayi garin kwaki da aka sarrafa a wani wuri. Duk mai son ya buɗe wurin gurza da matsa da suya a nan, tambayarsa ba ta wuce fili mai takarda, da ruwa, da wuta, da hanyar da babbar mota za ta juya. Ruwan da ake matsewa daga rogo mai ɗaci kuwa guba ne, akuya ta sha sai dai a nemi wuƙa. Irin wannan sana'a ba ta zama a tsakiyar unguwa. Ta fuskar kasuwa kuwa, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Jibiya, maƙwabciyarmu. Ga Safana dab da Dutsin-Ma, mai madatsar Zobe da jami'ar tarayya tun 2011, wato masu sayen burodi da bulo da ruwan leda suna nan kusa.

Sai dai ina roƙon kada a zana abin daga ofis a Katsina. Idan aka jefa filin yamma da gari, ta wajen daji, ko kyauta aka bayar babu mai kai injinsa ya kwana can, duk da sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a 2025. Na Batsari ya fi dacewa a kan hanyar Katsina, na Safana a kan hanyar Dutsin-Ma, kusa yadda ɗan koyo zai taka da ƙafa. Kuma ba kowace sana'a ce za a kora ba. Ƙaramin injin markaɗe dole ya zauna cikin unguwa, domin matar aure yaro take aika, ba za ta tura shi bayan gari saboda tattasai ba. A dai gindaya masa nisa daga katangar mutane da lokacin kashewa.

Masu POS, da masu cajin waya, da masu buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, su kam wurinsu bakin kasuwa da tasha da kusa da sakatariya. Mun san darajarsu tun 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka kuma dakatar da kasuwannin dabbobi, muka sake sani a farkon 2023 da takardar kuɗi ta yi wuya. Jerin shaguna masu wutar sola a gefen kasuwa zai raba su da zama a ƙarƙashin lema a bakin kwalta.

Abu biyu ne ke ba ni tsoro. Na farko diyya. Mai gonar bakin gari sau da yawa ita kaɗai ta rage masa, don ta nesa ta gagare shi shekara da shekaru. A biya shi abin da zai sayi wata, a hannunsa, a gaban mai unguwarsa. Na biyu rabo. Mun sha ganin fili ya faɗa hannun wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya zagaye shi da katanga ya zauna jiran tsada. A sa ƙungiyoyin masu walda da kanikawa da masu injin niƙa su kawo sunayen mutanensu, wanda kuma ya shekara biyu bai fara aiki ba a karɓe a bai wa wani.

Mai Girma Gwamna, kai ka riƙe hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta ƙasa, SMEDAN, kafin ka hau wannan kujera, kai kuma ka kafa takwararta ta jiha, KASEDA, ba sai an yi maka dogon bayani a kan masu ƙananan sana'o'i ba. Da an kawar da amfanin gona dillalai ke fitowa da igiyar awo. Muna roƙon masu safiyon gwamnati su riga su isa hanyar Katsina da ta Dutsin-Ma a wannan ranin.