Wasiƙa zuwa ga masu shagon magani na Uke

'Yan uwa masu kemis,

Namijin da damuwa ta ci ƙarfinsa da wuya ya nufi asibiti. Wajenku yake zuwa bayan isha'i, ya jira mata su gama sayen maganin zazzaɓin yara, sannan ya rage murya: "Oga, a ba ni na ƙarfin jiki." Kun san su sarai. Akwai leburan da ke sammako zuwa wajen gini a Abuja, akwai ɗan acaɓa, akwai wanda ya baro garinsu bayan 'yan bindiga sun kashe ƙaninsa a gabansa, har yau in salansar babur ta buga sai ya zabura. Da rana tiramol, da dare ƙwayar barci.

Don girman Allah kada ku sayar. Tun watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, tiramol kuwa sai da takardar likita, mai miligiram 225 ɗin ma haramtacce ne, yawansa na jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya.

Sai dai korarsa ba ta raba shi da ƙwaya, shagon gaba zai je. Wanda ya daɗe yana sha, ranar da ya yanke gumi zai keto masa, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi, ya kwana ido biyu, shi ya sa yake komawa ko da ya yi rantsuwa. Ku daina ce masa "ai kai namiji ne, ka daure". Dauriyar ce ta kawo shi nan. Ku ja shi gefe ku tambaye shi ko yana samun barci, me ke tashinsa cikin dare, ku saurara. Daga nan ku tura shi Babban Asibitin Karu, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

In mahaifinsa ya zo neman shawarar kai shi gidan mari, ku tuna masa gidan marin Rigasa ta Kaduna, inda a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. In kuwa shi da bakinsa ya ce ya gaji da duniya, kada ku bar shi ya tafi shi kaɗai, ku kira yayansa ko amininsa a wannan daren.

Wassalam.